Kaset ɗin Baffa Jumare

"Wai har yanzu akwai mai jin wannan hayaniyar?"

Zoe ce ta tambayi Inaya a cikin bas, suna kallon waya. Wata yarinya 'yar ajinsu tana zaune a bayansu. Ta leƙa. An rubuta da manyan baƙaƙe: tsofaffin waƙoƙin rok goma da suka fi kowanne muni.

Zoe ta danna ta farko. Jita ta yi ƙara, suka fashe da dariya. Yarinyar ta gane ta nan take. Waƙar Babanta ce.

Kullum ita yake sawa a tsohuwar rikodarsa, har a mota idan ya zo ɗaukarta daga makaranta. Da ta koma gida a unguwarsu ta Levenshulme, ta zare kaset ɗin, ta tura shi cikin takalminta na sanyi.

Ranar Asabar suka shirya zuwa Birmingham. Can yayan Baba, Baffa Jumare, yake kwance a gidan jinya. Ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya magana.

Baba ya duba ko'ina. "Uwata, kin ga kaset ɗina?"

"A'a, Baba."

Suka tafi ana ruwa. Da suka shiga ɗakin, Baffa ya kalli hannun Baba. Ba rikodar da ya saba kawo masa. Ya juya fuskarsa bango. Ko shayi bai karɓa ba.

A hanyar dawowa yarinyar ta ce, "Baba, ai waƙar tana waya."

"Tana nan. Amma babu muryar Baffanki a kai. A Jos ya ɗauke ta daga rediyo, yana bin ta da baki. Muryarsa ke nan da ta rage mana."

Yarinyar ta fara kuka. "Ni na ɓoye. An ce a intanet waƙar banza ce."

Baba ya tambaye ta: "Wa ya ce?"

"Ban sani ba."

"Me ya ce ya lalata ta?"

"Kan labarin kawai na gani."

"Ke kin taɓa jin ta har ƙarshe?"

Ta girgiza kai.

"Irin waɗannan, so suke ki danna kawai," in ji Baba. "Ko kin yi dariya ko kin yi fushi, duk ɗaya ne a wurinsu. Kina iya ƙin waƙar, ba laifi. Amma ki ji ta da kunnenki tukuna."

Sati guda ta jira. Asabar ta zo, ita ta riƙe rikodar. Ta durƙusa gaban gadon.

"Baffa, ka yafe mini."

Ta danna. Jita ta fara a hankali, kamar mai lallashi. Sai muryar wani saurayi ta shigo, tana bin waƙar, tana kuskure, tana dariya. Yatsun Baffa suka fara buga bargo. Leɓensa ya motsa. Ya miƙa hannu ya karɓi shayi.

Ranar ta gane: kada ka yanke wa abu hukunci da kan labari. Ka saurara da kanka.

Da ta waiga, ta ga Baba a bakin taga yana share ido yana murmushi. Ta mayar da kanta kan rikodar. Wannan kam ba za ta faɗa wa kowa ba.