Rigar Ruwa a Mashigin Gulma

A rumfar Mama Yejide ta fara ganinsa, cikin kasuwar Birnin Kebbi, ranar da zafi ya hana kowa fara'a. Riskuwa ta zo sayen busasshen kan kifi na miya, tana jujjuya shi tana tsaki, sai wani dogo da ke gefenta ya ce, "Kin san inda wanga kan kifi yat taho?"

"Legas," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ayislan. Wani tsibiri na can ƙarshen arewa. Da idona nig ga inda aka shanya shi."

Mama Yejide, Bayarbiyar da ta fi shekara ashirin tana sayar da kifi a garin, ta kwashe da dariya. "Kada ki biye mishi, ɗiyata. Kullum sai ya zo ya ba kifina labarin garinsu."

Sunansa Abdussamadu, ɗan masuntan Argungu. Yana aiki a wani jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido, mai zagaya tsibirin gari-gari wata biyar a shekara. Riskuwa ta ce a ranta, wannan akwai cika baki. Lambar wayarta dai ta ba shi, kuma kafin hutunsa ya ƙare ya fi masu keke napep sanin lungunan unguwarsu, Gwadangaji.

Da watan Mayu ya kama ya koma bakin aiki, soyayya ta koma cikin waya.

"Riskuwata, yau mun shiga wani lungun teku da yak kutsa tsakanin duwatsu biyu, awa huɗu muna tafiya cikinai. Ƙanƙara bisa, baƙin ruwa ƙasa. Garin na can ƙarshe, gidaje ja da shuɗi, duka bai kai unguwarku ba. Rana ba ta faɗuwa nan, agogo nika dubawa in yi salla. Na gaji."

"Sarkin ruwana, mu tamu ranar ta faɗi ta bar muna zafinta. Ka ci abinci?"

Ya sha gaya mata aikinsa. Inda babban jirgi ba ya iya matsawa gaɓa, ƙananan jiragen roba ke kwasar baƙi. Shi ke tsayawa a ƙofa, ya ɗaura wa kowa rigar ruwa, ya ƙirga su shiga, ya ƙirga su fita. Tsofaffi wajen ɗari biyu, kowa da nasa ƙorafin.

"Yau an kai su garin Akureri, gobe kallon inda dutse yat taɓa aman wuta. Ƙasa na hayaƙi, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, su kuwa sai hoto. Ni tuwon shinkafa nika mafarki, da ke."

Saƙonnin suna da daɗi, amma jira yana da gajiya. Wani lokaci duwatsu su tare masa sabis kwana uku, ta yi ta duban waya har idonta ya yi yaji. Ga kuma Sunusi, dillalin albasa mai gida a unguwar Gesse, duk Juma'a sai ya faka mota a ƙofar gidansu ya gaida mahaifinta, Malam Sama'ila. Ba shi da aibu, bawan Allah. Ita dai ba ta son sa ne kawai.

Kuskuren daga gare ta ya fito. Don ta burge mahaifinta, ta nuna masa bidiyon da Abdussamadu ya turo: ɗan jirgin roba yana tangaɗi a kan baƙin ruwa, duwatsu sun yi masa rumfa. So ya mantar da ita abin da ba a faɗa a gidan. Shekara tara da suka wuce yayanta Aminullahi ya nutse a mashigin da ke kusa da Gulma, ranar kasuwa, a kwalekwalen da aka cika har baki. Ba wanda ya san mutum nawa suka shiga. Kwana uku Malam Sama'ila yana bakin ruwa yana fatan ɗansa ba ya ciki. Bayan nan ya bar Gulma da gonarsa, bai sake taka jirgi ba.

Ya miƙa mata wayar. "Ruwa ya ci mini ɗa guda. Ba ni aurad da ke ga wanda ka kwana bisa ruwa."

Ta rubuta wa Abdussamadu komai, har labarin yayanta. Sai bayan kwana biyu amsa ta zo.

"Allah shi jiƙan Aminullahi. Ban da abin cewa, Risku. Saura mako bakwai in dawo."

Ta karanta ta ajiye. Ta so ya yi faɗa ko ya yi roƙo, sai ga layi biyu. Ranta ya ɓaci, ta ɗauka ya saduda.

Ƙarshen Satumba ya dawo. Manyansa suka zo daga Argungu, Malam Sama'ila ya ba su ruwa, ya ba su haƙuri, ya raka su bakin titi. Bayan kwana huɗu ya ce Riskuwa ta shirya, za su je wurin Baffa, wansa kuma waliyyinta, a ƙetaren gulbi, a tsayar da maganar Sunusi. Ambaliya ta cinye hanyar mota a shekarar, ba yadda za a yi sai kwalekwale.

Ta rubuta, "Gobe za mu ƙetara wurin Baffa. An gama." Ko kuka ba ta iya yi ba don gajiya.

Da hantsi suka isa mashigin Gulma, sai ga Abdussamadu tsaye cikin laka, gefensa tarin rigunan ruwa masu launin lemo. A Legas ya sayo su kan hanyarsa ta dawowa, kwalekwalen kuma na kawunsa ne. Tun da ya dawo kullum yana nan, mutane suna yi masa tsiya. "Ɗan Argungu da rigar tsoro! Mu da munka tashi cikin gulbi?"

Malam Sama'ila ya yi kamar bai gan shi ba. Ya cije, ya ɗaga ƙafa zai shiga. Abdussamadu ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya miƙe ya tsaya a gabansa.

"Baba, ka yi haƙuri. Mutum goma sha biyu jirgin ga ka ɗauka, kuma sun cika. Sai ya dawo. In ya dawo ma, sai da riga."

Mutane suka zuba musu ido. Ina aka taɓa ganin mai neman aure ya tare uban yarinya a bainar jama'a? Riskuwa ta ji kamar ta nutse a ƙasa. Wawa, ta ce a ranta, ka bar shi ya shiga mana!

"Kai, ka san ko ni wa?"

"Na sani, Baba. Shi yas sa."

Kusan awa guda suka yi a rana suna jira. Idon Malam Sama'ila na kan saurayin da ke ƙirga mutane suna fita, ɗaya bayan ɗaya, da muryar wanda ya yi wata biyar bai yi barci mai kyau ba. Da aka zo kansu, ya buɗe hannuwa, Abdussamadu ya sa masa rigar ya ja igiyoyin ya ɗaure. Har suka ƙetara tsohon yana riƙe da igiyar ƙirjinsa, hawaye na bin gemunsa.

A gidan Baffa, Riskuwa tana bayan zana ta ji muryar mahaifinta. "Yaya, da ranar Aminullahi akwai mai taurin kai irin wancan bakin ruwa, da yanzu ina da jikoki. Maganar Sunusi nit taho da ita, amma na janye ta."

Ta zauna a ƙasa, sai a lokacin kukan ya zo. Da ta samu ta share ido ta rubuta, "Sarkin ruwana, ka turo manyanka."

"Riskuwata, gobe da safe za su taho. Alhamdulillahi."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Baffa. Mama Yejide ta kawo gudummawar kan kifi buhu guda, ta ce na garin ango ne. Da za a ƙetaro da amarya, Malam Sama'ila da kansa ya tsaya bakin kwalekwale, ya ɗaura wa 'yarsa rigar ruwa a kan lafayarta, ya ƙirga mutum goma sha biyu har da ita, ya tsayar da sauran. Bai zauna ba sai da ya hango su sun sauka a ɗaya gaɓar, ya sake ƙirgawa da yatsa daga nesa.

"Sha biyu," ya ce, ya shafa fuska. "Allah shi yi muku albarka."