Fetur a Tankin da Yake Cike

Ranar Juma'a, ana tsakiyar huɗuba, aka kira Insfekta Kyari cewa babur ya banke wata mata a Zango, mai babur ɗin kuma ya tsere.

Matar sunanta Balki, daga Droum ta kawo gyaɗa. Ƙafarta ta karye. Ba ta ga fuskarsa ba, sai rigar 'yan kabu-kabu mai lamba 214.

Kafin la'asar an kamo mai rigar, Ɗanƙarami. Ya yi rantsuwa yana masallaci a lokacin, amma Kyari ya sha jin irin wannan, don duk wanda aka kama ranar Juma'a liman ne shaidarsa.

Washegari lauyar Ɗanƙarami, Raudatu, ta shigo kwamisariya, ofishin 'yan sanda.

"Insfekta, riga aka gani, ba mutum ba. In aka ɗora masa gudu bayan hatsari, gidan kaso zai je, ga 'ya'ya huɗu. Duk Juma'a yana barin riga da makulli a shagon abokinsa Safiyanu tela."

Kyari ya nufi shagon. Safiyanu ya tarbe shi da kujera da ruwan sanyi.

"Ranka ya daɗe, kullum yana bari, amma jiya bai bari ba. Wallahi abin ya dame ni."

Kyari bai cika son mai saurin kawo kujera ba. Ya koma wurin Ɗanƙarami.

"Faɗa mini yadda kake aje babur ɗinka."

"In kafe shi ƙofar shago, in rufe makunnin esans na ƙarƙashin tanki, saboda fetur yana ɗiga. Ko fitsari zan je sai na rufe."

"In wani ya hau bai buɗe ba fa?"

"Ai ba zai yi nisa ba, yallaɓai, zai mutu."

Wannan ta ishi Kyari. Ya tafi inda aka banke Balki, ya bi titi a ƙafa yana tambayar masu sayar da fetur a kwalba. Na uku ne ya fashe da dariya.

"Mai 214? Yaya zan manta! Ya turo babur yana zufa, wai esans ya ƙare. Ya ƙwace kwalba ya juye, ashe tanki cike yake, ya yi ambaliya har kan takalminsa. Ni na miƙa hannu na buɗe masa makunni. Na ce, malam, kai ɗan kabu-kabun wane gari ne?"

"Za ka gane shi?"

"Har da tef ɗin awo a wuyansa, ƙarƙashin rigar."

Kyari ya ɗauko mai fetur a mota. Suna isa kwamisariya sai ga Safiyanu zaune a benci, da kwanon tuwo a cinya, ya kawo wa abokinsa abinci. Nan ran Kyari ya ɓaci ƙwarai.

"Ga shi nan," in ji mai fetur. "Malam, takalmin ya bar wari?"

Safiyanu ya aje kwanon a kan benci.

"Ina jinka," Kyari ya ce.

"Ɗinkin amarya zan kai Kara-Kara, na makara. Na ce kafin a sallame na dawo. Ban iya babur sosai ba. Da na ga ta faɗi, tsoro ya kama ni."

"Tsoro ya sa ka gudu, na ji. Me ya sa ka ce bai bar makulli ba?"

Safiyanu ya sunkuyar da kai.

Raudatu ta sa hannu a takarda, aka buɗe wa Ɗanƙarami. Yana fitowa ya ga abokinsa da ankwa, ya dubi Insfekta, ya dubi kwanon, ya gane.

"Safiyanu, da ka faɗa mini, wallahi tare za mu je wurin matar nan."

Aka wuce da Safiyanu ɗakin da aka fito da abokinsa. Ɗanƙarami ya ɗauki kwanon ya miƙa wa ɗan sandan da ke tsaron ƙofa.

"Ka ba shi. Daren farko a ciki akwai yunwa."