Ƙarfen da Mumuni Ya Kafa a Gindin Kanya

Wata Talata ce, cikin bazarar shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki a Yamai, bayan damina ta ƙi. Rana ta faɗi a Tasawa, amma zafi bai bi ta ba. A gidan Mumuni mai gyaran ordinata, wato kwamfuta, matarsa Mairo tana kwashe tuwo a madafi, ɗiyarsu Zara'u, budurwa 'yar shekara goma sha bakwai, tana zuba ruwan alwala a buta. Shi maigidan yana zaure, inda ya mayar wurin aikinsa. Ya buɗe cikin wata na'ura da ya ɗauko daga biro, wato ofishin wani ɗan kasuwa Alhaji Gado, yana haska ta da tocila, don an ɗauke wuta tun la'asar.

Ladan ya ɗaga murya. Mumuni ya ajiye kayan aiki zai miƙe, sai 'yar fankar da ke cikin na'urar ta motsa. Ta juya a hankali, ta ƙara sauri, har ta soma huci. Ya haska igiyar wutar. Tana nan nannaɗe a kan tebur, ba a jona ta da komai ba.

Bai gama kallo ba, wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki da ƙarfi. Wani ya biyo shi. Na uku ya sauka cikin tukunyar miya.

"Malam!" Mairo ta kira shi daga tsakar gida. "Taho ka gani, jihwarmu a kai!"

Ya leƙa ta kan katanga. Lungu wayam, maza duk sun shige masallaci, ko akuya babu. Ya dawo ya duƙa ya tsinci abin da aka jefo. Ba dutse ba ne. Gawayi ne jiƙe sharkaf, a garin da ruwa ya gagari mutane, da wani dunƙulen gishiri mai laima. Ya daɗe riƙe da su a tafin hannunsa, domin ya san inda ya bar irinsu.

Mako uku kafin wannan, Alhaji Gado ya kira shi. Alhaji yana da ƙaramin biro a bakin kasuwa, inda yake harkar iri da taki da jigilar hatsi, da ordinata huɗu da ma'aikata huɗu. Na'urorin sun addabe shi. Kullum rezo, wato layin intanet, yana yankewa, takardu suna ƙin buɗuwa, ga wuta tana fizgar duk wanda ya taɓa jikin ƙarfen. Mumuni ya kwana biyu yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar da birus, ƙwayar cutar na'ura, ya cika su, daga kile, 'yan sandunan ajiyar bayanai da ma'aikata ke kai wa masu ɗura waƙoƙi a kasuwa. Ya wanke su tas, ya toshe ramukan kile, ya ba kowane ma'aikaci lambar sirrinsa, ya yanke maƙwabta biyu da suka daɗe suna shan rezon Alhaji a ɓoye. Saura fizgar wuta. Wannan kuwa maganinta ɗaya ne: a kafa dogon ƙarfe a ƙasa mai laima, a zuba masa gishiri da gawayi, a ɗaura masa waya, ragowar wutar ta riƙa zurarewa can.

Sai dai a shekarar nan ina ƙasa mai laima? Ya haƙa wuri uku, duk rairayi ne busasshe mai zafi. Daga ƙarshe ya zagaya bayan biron, inda wata tsohuwar kanya take tsaye ita kaɗai da ganyenta. Ya tona gindinta kamu biyu, ya ji sanyi a yatsunsa. Magariba ta kawo jiki, yana sauri, bai ko yi bisimilla ba. Ya kafa ƙarfen ya hau shi da guduma. A bugu na bakwai ƙarfen ya shige zuruf, ya ji wani ɗan kuka siriri kamar na sabon haihuwar akuya. Ya waiga bai ga komai ba. Ya juye gishiri da gawayi, ya mayar da ƙasa, ya tafi gida.

Wuta ta daina fizgar mutane. Amma daga ranar, da an kira magariba, na'urorin biron sukan kunna kansu bayan an kulle ƙofa, da safe a tarar da takarda ɗaya ta ɓace, washegari wata. Mumuni ya nemi birus bai samu ba. Ya sauya lambobin sirri sau uku. Ya sauya igiyoyi, ya cire biron daga rezo ɗungurungum, ɓatan bai tsaya ba. Shi ne ya ɗauko babbar na'urar ya kawo gida don ya bincike ta a tsanake.

Jifa ta dawo ran Laraba, ta dawo ran Alhamis, kullum daga kiran magariba zuwa a sallame salla. Maƙwabta suka yi tsaron katanga da sanduna, gawayi yana wuce kawunansu daga sama, ba mai ganin hannun da ya jefo shi. Ran Juma'a ba a yi jifa ba. Gidan ya yi tsit. Zara'u ta ɗauko kwanon tuwon babanta, ta zo tsakiyar gida ta tsaya. Kwanon ya zame daga hannunta. Ta juyo da fuska a hankali, idanunta a buɗe amma ba ta kallon kowa, ta fara faɗin haruffa da lambobi ɗaya bayan ɗaya, da muryar tsohuwa mai kaushi.

Mumuni ya gane su nan take. Lambar sirrin babbar na'urar ce, wadda ya sa da azahar ɗin ranar. Bai rubuta ta ko'ina ba, bai faɗa wa kowa ba.

"Kulle ƙohohinka duka, Mumuni," in ji muryar. "Ba ta ƙohwa ni shigo ba. Kai ka ja mani waya har cikin ɗaki."

Zara'u ta faɗi.

Tun daga wannan maraice ba ta ƙara shan ruwa ba. In Mairo ta ɗebo a randa ta ɗanɗana, garɗi. Da ta kai bakin yarinyar sai ya koma gishiri zalla, har ya yi fari a gefen moɗa. An kai ta likita, aka sa mata ƙarin ruwa leda biyu, aka auna jini ba a ga komai ba, aka sallame su. Leɓɓanta suka tsattsage. Harshenta ya yi nauyi. Ran Lahadi da hantsi Mairo ta tsaya a ƙofar zaure, inda mijinta ke zaune gaban na'urar da ya kasa ganewa.

"Malam, wagga ba cutar inji ba ce, kai ma ka sani. Tashi ka tahi Hawandawaki ka ɗauko Kawu."

Kawun nata shi ne Malam Na Allah, tsoho siriri mai ƙarancin magana, wanda ake kai wa masu taɓin iska daga ƙauyukan yankin. Mumuni ya hau moto, babur ɗinsa, ya bi rairayi. Hanya duk gonaki ne tsirara da gawar shanu, ƙauyuka rabin gidajensu a rufe, masu su sun yi kudu neman abinci. Suka iso Tasawa bayan la'asar. Malam ya ƙi zama, ya ƙi fura. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Mairo, aka lulluɓe Zara'u da zane, uwar ta riƙe kanta. Ya zauna dab da kunnenta ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba ya gaggawa.

An daɗe ba abin da ya motsa. Hasken ƙofa ya yi ja. Can sai yatsun ƙafar yarinyar suka lanƙwashe, bayanta ya ɗago daga tabarma, ta yi wani gurnani da ya sa Mairo rufe ido.

"Bari, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai gidan gindin kanya. Ina nan tun ba a aza tubali ɗaya a kasuwar can ba."

"Mi yarinyag ga ta yi maki?"

"Tambayi ubanta." Kan Zara'u ya juya wajen Mumuni, wanda ke durƙushe a bakin ƙofa. "Hwarin ga bai bar ku ba, mu ma bai bar mu ba. Tabkuna sun ƙahe, rijiyoyi sun ƙahe. 'Ya'yana ukku, biyu ƙishirwa ta ɗauke su. Autan na kwantar da shi inda sauran sanyi ya rage a garin ga duka. Na tahi neman abin da za shi ci. Na dawo na iske ƙarhe ya tsire shi ta ƙirji, an cika mashi baki da gishiri. Kwana ukku yana kirana, ban iya zare shi ba."

Mairo tana kuka ba sauti.

"Wallahi ban sani ba," Mumuni ya ce. "Wallahi ban gan shi ba."

"Da ka ambaci Allah, da ya ji ya kauce. Ba ka ambata ba." Muryar ta yi ƙasa. "Na bi wayarka na shiga injunanka, na ɗauke abin da ka tsare ɗaya-ɗaya, don ka ɗanɗana. Bai ishe ni ba. Ɗiyarka za ta bushe ƙwarai kamar yadda nawa ya bushe, kana kallo."

"An zalunce ki," in ji Malam, "ban musa ba. Amma wagga ba ta riƙe guduma ba. In kin kashe ta kin zama azzaluma, kuma ba ni barin ki. Za ni ci gaba da karatu har ki zama toka."

"Ci gaba. Ni da ita mu ƙone tare. Mi ya rage mani?"

Malam ya ci gaba. Yarinyar ta yi ƙara, jini ya tsattsafo daga leɓɓanta, numfashinta ya soma sarƙewa. Mumuni ya rarrafo ya kama gefen tabarma.

"Ki ɗauke ni! Ni na yi, ki bar ta!"

"Yi shiru!" Malam ya daka masa tsawa. "Kada ka yi mata alkawarin komi." Ya dakata da karatun, ya share gumi. "Saurara, baiwar Allah. Za a zare ƙarhen yau. A kwashe gishirin, a kewaye wurin da gini, ba mai ƙara taka shi. Kwana arba'in shina kai maki ruwan daɗi da kanshi, cikin wanga hwari. Ke kuma ki rantse ki hita, ba ki ƙara komowa jikinta."

Muryar ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"Da hannunshi za shi zare. Hannun da ya buga. Ba ƙyalle, ba mataimaki. Kahin rana ta hwaɗi."

Malam ya yi nazari, ya gyaɗa kai. Mumuni ya fita da gudu.

Suka zauna suna jira. Inuwa ta cinye tsakar gida ta hau katanga. Malam yana jan carbi, idonsa kan yarinyar. Ladan yana gyaran murya ke nan, sai bakin Zara'u ya buɗe da wata dariya a hankali, mai sanyi, wadda Mairo ta ce har ta mutu ba za ta manta ba.

"An zare. Na rantse da wanda ya halicce ni da ku, na bar ɗiyar, ba ni komowa gare ta." Ta ƙara yin dariyar. "Ita na rantse a kanta, tsoho. Rabona na riga na amsa."

Malam ya zabura, amma ƙaramin yatsan ƙafar hagun yarinyar ya riga ya karkaɗa, alamar iskar ta fita. Zara'u ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta dubi uwarta.

"Inna, ruwa."

Mairo ta kawo moɗa. Yarinyar ta shanye, ta nemi ƙari.

Tana kan moɗa ta uku Mumuni ya shigo. Ƙarfen yana hannunsa na hagu, ya yi tsatsa kamar ya shekara ashirin a ƙasa. Hannun dama yana lilo a gefensa, yatsun a dunƙule, sanyi ƙalau tun daga gwiwar hannu. Ya ga ɗiyarsa zaune tana sha, ya jingina da bango ya sulale ƙasa. Malam ya kama hannun ya juya shi, ya daɗe yana tofi, sannan ya sake shi.

"Ta hi ni wayo, Mumuni. Na tsare ɗiyar, na manta da uban. Ka yahe mani."

"Kawu, ka bar shi," in ji Mumuni. "Ta sha ruwa."

Hannun bai ƙara motsi ba. An je Maraɗi, an je wajen masu ɗori, ba wanda ya gane masa. Mumuni ya sa masu haƙar rijiya suka tona rami mai zurfi can gefen hanya, da hantsi, da bisimilla, aka kafa wa biron Alhaji Gado sabon ƙarfe. Na'urorin ba su sake kunna kansu ba, takardun da suka ɓace kuwa ba su dawo ba. Zara'u ta murmure ta riƙa bin sa biro-biro, yana faɗa tana kwancewa, yana nunawa tana jonawa, har masu shaguna suka saba da ganinta.

Kowace la'asar yakan bi layin famfo da bokiti, ya ɗauka da hagu, ya bi ta bayan kasuwa yana tsayawa yana hutawa, ya zuba a gindin kanyar ta kan ɗan ginin da aka kewaye ta da shi. A rana ta arba'in ya juye ruwan, ya jira ƙasa ta shanye, ya durƙusa.

"Na cika alkawari," ya ce. "Ki yahe mani."

Ba iska, amma ganyen kanyar ya motsa. Daga ƙarƙashin ƙasa, dab da gwiwoyinsa, muryar ta amsa a hankali.

"Ruwan na amsa. Ban yahe ba."

Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ɗauki bokitinsa ya tafi gida, bai faɗa wa kowa ba. Washegari da la'asar Mairo ta gan shi yana neman bokitin a bayan randa.

"Malam, ba jiya kwanakin suka cika ba?"

"Sun cika," ya ce, ya rataya bokitin a hannun hagu ya fita.