Ƙoryar Iri a Gonar Gabi

Hura nake damawa ƙawata Halima ta faɗo gidanmu, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce an ga Illo a ƙauyen Gabi yana saran shuka, wata Rabi na biye da shi da ƙoryar iri.

Ludayin ya kuɓuce mini.

A wajenmu mace ba ta bin saran namiji ranar shuka sai matarsa ko ƴar'uwarsa. Illo kuwa ni zai aura, Baba ne ya ce sai ya kama aiki tukuna.

Ni dai tun farko ban so Gabin nan ba. Da su Illo suka ƙare lakwal, wato makarantar noma, zaɓi biyu aka ba su: sitaji, wato koyon aiki, na wata uku a biro, ofishin noma na nan Madarunfa, ka ga yadda manya ke yi, a ba ka takardar shaida, ko shekara cur a ƙauye, a danƙa maka gona da manoma. Har kuka na yi masa ya ɗauki biro. Ya ce mai biro kallo ya koya, mai gona ake ɗauka aiki. Abokinsa Tanko biron ya yi, ga shi nan yana yawo da takarda a aljihu.

Inna ta ce ɗiya mai kunya ba ta bin saurayi gona. Na ce Gwaggona ta Gabi zan gaido, na haye amalanke.

Na tarar da shi ya yi baƙi ya rame, an ja igiyar daidaita layin shuka, manoma sun fi ashirin suna kallo. Ga Rabi a bayansa, sai wani rangwaɗa take. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Baƙuwa, matsa, kina taka mana layi."

Wai mana!

Ban san sa'ad da na fizge ƙoryar ba.

"Illo, wa ya ba ta wurina?"

"Ubanta ya ba mu gonar gwaji, Indona, shi ya turo ta," ya ce a hankali. "Mutanen nan ba za su yarda da shukar layi ba sai sun gani. In gonar nan ba ta yi ba, babu aiki... kuma babu ke."

Kunya ta rufe ni, amma wallahi ban mai da ƙoryar ba. Na tuɓe takalmi na shiga bayansa, ina zuba gero ina rufewa da ƙafa. Wani dattijo ya tambaya ko wace ce wannan. Illo ko waiwayowa bai yi ba.

"Mai ƙoryar ce, Baba."

Rabi ta ja zanenta ta bar gonar.

Da kaka gona ta yi kyau, takardar ɗaukar aiki ta zo, Baba ya sa rana. Layi uku ne kawai suka fito cunkus, sai da Illo ya yini yana cira, don da haushi na riƙa zuba iri hannu cike, idona na kan hanyar da Rabi ta bi.

Har yau in ya ga na fara kumburi sai ya ce, "Indo, kaɗan-kaɗan dai, irin ya kusa ƙarewa."