Huji Na Uku

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Muryar Manaja ce ta fito daga shagon zinaren, ta iske Kwana inda yake zaune bayan sitiyari. Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, rana fayau. Injin motar na gurnani a hankali.

Minti uku suka tsara. Manaja, shugabansu, zai shiga tare da Tsawa da Shiru, su kwashe abin da ke cikin gilasai, su fito. Shi nasa tuƙi ne kawai. Bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma da wannan yake rarrashin zuciyarsa tun jiya.

Minti uku ya wuce. Huɗu. Biyar.

Kau!

Tsohon mai gadin shagon ya fito da baya da baya, hannu dafe da ciki, ya zauna a bakin ƙofa kamar wanda ya gaji. Ƙaramar rediyonsa ta faɗi gefe, tana ci gaba da magana. Wata mata da ke wucewa ta saki ledarta, lemo ya watse a titi.

Sai ga Tsawa da Shiru sun fito a duƙe, suna nishi, ɗauke da akwatin ƙarfe irin na ajiyar dukiya.

"Buɗe but!" Manaja ya daka tsawa. "Shegen mai shagon ya ce ya manta lambar. A gida za mu fasa shi!"

"Manaja, ba haka muka yi ba—"

"Buɗe, ko in buɗe kanka!"

Kwana ya ja ƙarfen but. Suka jefa akwatin — dim! Kwana ya ji bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama. Shi kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashin motar nan.

Kwana tara kafin wannan rana, yana tsaye a garejin yayansa riƙe da wata jar sandar ƙarfe mai lanƙwasa a bakinta biyu. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma tun rasuwar mahaifinsu Yaya ne ya riƙe shi. Motar ma tare suka tashe ta daga gawa, shekara biyu suna haɗa ta, har ta kai ga shiga tseren da samari ke yi duk Asabar a tsohon filin jirgi. A can aka laƙaba masa Kwana, saboda yadda yake yankar kwana da mota. A gida kuwa Auta yake, har gobe.

Yaya ya leƙo daga ramin gyara, ya dubi sandar.

"Wannan fa? Ta dukan ɓarawo ka sayo mana?"

Kwana ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Manaja ne ya sai masa ita.

"Sitabilaiza ce, Yaya. Ta baya."

"Na san ko mece ce, tun kana rarrafe nake ɗaura su. Me kake so ta yi maka?"

"So nake in na shiga kwana kada motar ta kwanta kamar kwalekwale. In na murɗa sitiyari ta bi ni nan take, ba sai ta tsaya shawara ba."

"Duk haka kuke cewa. Bayan sati biyu ku dawo kuna ɗingishi: Yaya ta yi tauri, Yaya ƙuguna, Yaya robar tana kuka kamar ɓera." Ya goge hannu a wando, ya karɓa, ya jinjina nauyinta. "Kai, ta fi ta kamfani kauri nesa ba kusa ba. Zo ka gani."

A kowane baki na sandar akwai huji uku a jere. Yaya ya ɗora baƙin yatsansa a kan na farko.

"Aikinta ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, in ɗaya ta nutse ɗayar ta riƙe ta. In na ɗaure noti a nan, da laushi, sai ka ɗauki Umma ka kai ta ganin likita ba ta ji komai ba. Na tsakiya, tsaka-tsaki. Na ukun nan kuwa shi ne mai zafin rai. Motar za ta tsaya cak, ta yanki kwana kamar reza. Amma da sharaɗi: kwalta sumul, kai kaɗai, but ko jarka babu. In ka loda mata kaya ka hau hanya mai gargada, sannan ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, gindinta zai riga kanta wucewa. Ba direban da zai kamo ta."

Daga nan ya yi abin da mahaifinsu ya koya masa, abin da yake yi wa kowane mai mota kafin ya ɗauki sifana. Ya kalle shi ido cikin ido.

"Mutum nawa?"

"Ni kaɗai."

"Wace hanya?"

"Filin jirgi mana, Yaya."

"Me ke but?"

"Iska."

Yaya ya yi murmushi, ya mangare masa ƙeya. "To bari in sa maka na uku, ka je ka kunyata 'ya'yan masu kuɗin nan. In ka ci, kofin a ofishina za a ajiye."

Ofishin nasa benci ne da tsohuwar kujerar bas.

Kwana ya yi niyyar mayar da notin tsakiya da kansa. Amma da ya ɗauki Manaja gwaji a filin, motar ta shiga kwana kamar an ɗora ta a kan layin dogo, Manaja ya buga cinya. "Ka taɓa wani abu a motar nan, sai na taɓa ka!" Sai Kwana ya ce a ransa ai babban titi za su bi, kuma zinare ba shi da nauyi. Ya bari.

"Taka ta!"

Tayoyi suka yi ƙara. Giya ɗaya, biyu, uku. Mai babur ya faɗa kwata. Manaja na gaba rungume da jakar sarƙoƙi, Tsawa da Shiru na baya.

Ana ce masa Shiru ne don bakinsa ba ya rufuwa. Tare suka taso da Kwana, layi ɗaya, aji ɗaya. Yau ma bai fasa ba.

"Manaja, tsohon nan fa kujera kawai ya ɗaga. Kujerar roba! Me kujerar roba za ta yi maka?"

"Rufe mana baki, malam," in ji Tsawa.

"Kullum in na zo leƙen shagon sai ya ce min sannu ɗana—"

Wiii-wiii-wiii!

Kwana ya kalli madubi. Motar 'yan sanda ɗaya, a bayanta wata. Can gaba, a mashigar babban titi, wata ta gindaya a tsakiyar hanya, mutum uku sun durƙusa a bayanta.

"Dama!" Manaja ya yi ihu. "Bi ta bayan ma'aikatar siminti!"

Ya murɗa. Bayan motar ya yi wani lilo da bai taɓa yi ba, ya kamo ta da ƙyar. Hanyar ma'aikata ya san ta: manyan motoci sun farfasa kwaltar, yashi ya kwanta a gefe, kuma a ƙarshenta akwai kwana mai tsanani kafin gada.

"Manaja, mu jefar da akwatin nan. Wallahi motar ba za ta ɗauka ba."

"Ba kai ne Kwana ba? Ba ƙarfe na sai maka ba?"

"Ba don wannan aka ɗaure shi ba!"

Bakin bindiga ya taɓa haƙarƙarinsa. "Yi tuƙi."

Ɗari da goma. Ɗari da ashirin. Rami — gwaf! Akwatin ya daki murfin but. Ga gadar can. Ya taka burki tun da wuri, ya sauke giya, ya shiga kwanar ƙafarsa a kan totur. Kada ka ɗaga, ya ce wa kansa. Kome za a yi, kada ka ɗaga. Motar ta tsaya cak, tana yanka, tana yanka, saura kaɗan—

Wani mutum ne ya ɓullo a tsakiyar hanya, yana tura baro cike da jarkokin ruwa. Ya ɗago kai. Ya sandare.

Kwana ya ɗaga ƙafa.

Abin da Yaya ya faɗa, ko harafi bai sauya ba. Gindin motar ya zarce. Sitiyari ya zama kamar faranti a hannunsa. Ya ga gada, ya ga ma'aikata, ya sake ganin gada — garam!

Da ya farfaɗo, motar na kwance a kan haƙarƙarinta cikin kwazazzabo. Ƙura, warin fetur. Ƙafarsa ta dama na matse a ƙarƙashin ƙarfe. Akwatin ya fasa kujerar baya ya shigo, kuma Tsawa ba ya motsi.

Manaja ya fita ta gilashin gaba, jini a goshi, jakar a kafaɗa.

"Manaja! Ɗaga min ƙarfen nan, kaɗan kawai. Don Allah."

Ya tsaya, ya saurari jiniya. Ya miƙa hannu ciki, Kwana ya miƙa nasa. Bindigar Tsawa ya zaro.

"Da ka take shi, da yanzu mun haye," ya ce, ya bi ta cikin ciyawa.

"Kwana…" Muryar Shiru ce daga baya, siririya. "Mai ruwan ya tsira?"

"Ya tsira."

"To madalla." Ya yi tari. "Tantabaruna… ban buɗe musu ba da safe. Na ce sai na dawo. Ka gaya wa wani."

"Kai za ka buɗe musu da kanka. Shiru? Shiru!"

Karo na farko a rayuwarsa, ya amsa sunansa.

A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa. Hannunsa na hagu na ɗaure da ankwa a jikin gado. Rana ta shida wani sufeto mai furfura ya jawo kujera ya zauna.

"Mun kama ogan naku a tashar mota. Ya ba mu sunan na biyar ɗinku, bakanikenku. Ya ce shi ke shirya muku motocin aiki, kuma da kasonsa."

"Wane bakanike?"

"Yayanka. Kwanansa huɗu a wurinmu. Mun rufe garejin."

Ankwar ta yi ƙara a jikin gado. "Ƙarya ne! Ranka ya daɗe, wallahi bai san komai ba!"

"Kowa haka yake cewa a kan ɗan'uwansa. Ya amsa da bakinsa cewa shi ya ɗaura ƙarfen."

Kwana ya rufe ido. Har zuwa lokacin bai ce musu uffan ba, domin an gaya masa shirunsa ne kaɗai abin da ya rage masa a gaban alƙali.

"Ɗauko takarda," ya ce. "Zan faɗi komai, da wannan fashin da wasu biyu da ba ku sani ba. Amma ka nemi bakanike, tsoho wanda ya san aiki, ya duba ƙarƙashin motar. Ya gaya maka a wane huji notin yake."

Bayan kwana biyu sufeton ya dawo, bai zauna ba.

"Na kai mai gyaran motocinmu. Ya daɗe yana kallo. Ya ce wanda ya ɗaure wannan notin, ko dai bai san inda motar za ta ba, ko kuwa so yake ya kashe ƙaninsa. Na haɗa da bayaninka. Mun sake shi."

Washegari da hantsi Yaya ya zo. Ya rame, an aske masa kai, kuma hannayensa sun yi fes, babu baƙin mai ko a farce. Kwana bai taɓa ganinsu haka ba. Yaya ya tsaya yana kallon inda bargo ya kwanta babu ƙafa.

"Mai gadin ya rasu," ya ce. "'Ya'ya biyar. Na je gaisuwa, ban iya faɗin ko ni wane ne ba. Masu motoci sun kwashe motocinsu. Umma ba ta fita ko ƙofar gida."

"Tantabarun Shiru…"

"Matarsa ta buɗe a rana ta uku. Rabi sun mutu."

Ɗan sandan da ke gadi ya juya musu baya.

"Sun ce hujin ne ya fitar da ni," in ji Yaya. "Kowa na min barka. Ni kuwa duk na rufe ido sai in ji sifanar a hannuna. Har ƙara ɗaure shi na yi, Auta, don kada ya kwance maka."

"Yaya, da na gaya maka mu huɗu ne… da ka mayar da shi na farko?"

Yaya ya gyara masa bargon, ya rufe wurin da kyau, kamar yadda yake yi masa yana ƙarami.

"Da ka gaya min, da injin zan sauke in sa a ƙarƙashin gadona. Ka yi shekara ba ka gaishe ni ba, amma kana tafiya da ƙafarka." Ya ɗago ya dube shi. "Tambaya uku na yi maka, Auta. Ɗaya kawai nake nema ka amsa min da gaskiya."