Yaran Cikin Talabijin

Ranar Lahadin da Nasser zai zo gaishe da mahaifinta, tun hantsi Hamdatu take kicin tana fama da tuwon shinkafa da miyar gyaɗa. Sau uku ta kira shi a waya, gargaɗinta ɗaya ne: ya gaisa, ya amsa abin da aka tambaye shi, kada ya kuskura ya ambaci gem.

Ta san halin mutuminta. Nasser ɗan Maraɗi ne, yana aiki a wani kantin magani a Bronx cikin birnin New York, ba ya sha ba ya yawo. Aibinsa ɗaya, gem, wato wasan bidiyo na ƙwallon Amurka ta 'yan kwaleji, inda mai wasa yake zama koci, ya zaɓi yaran da zai ɗauka cikin ƙungiyarsa. Shi ko buga ƙwallon bai dame shi ba. Zama yake yi ya ƙura wa lambobi ido: wannan gudunsa casa'in da biyu, wancan ƙarfinsa tamanin, wannan tauraro uku aka ba shi amma ya fi mai biyar.

Mahaifinta Baba Sheriff kuwa mutumin zangon Kumasi ne, shekara ashirin da shida yana tuƙa tasi a New York. Bayan an ci abinci, ya gyara zama ya tambayi saurayin me yake yi idan ya tashi daga aiki.

Hamdatu tana bayan labule ta runtse ido. Nasser ya fara a hankali, sai bakinsa ya kwance. Ya yi bayanin yadda ake gane yaro mai hankali a fili, da yadda ake tura masu leƙe su binciko shi, har ya miƙe yana kwatanta wa tsohon yadda wani ɗan Texas yake juyawa. Shayi ya huce. Can Baba ya tambaya a wace makaranta yake koyar da yaran.

"A'a Baba, ai babu su. A cikin talabijin suke."

Baba ya dube shi, ya dubi labule, ya ce a gaida gida.

Da yamma ya yanke hukunci: bai ɗauko 'yarsa daga Ghana ya yi mata karatun jinya don ya miƙa ta ga ƙato mai renon yaran da ba a haifa ba. Hamdatu ta yi kuka, ta yi roƙo, mahaifiyarta ta sa baki, tsoho ya kafe. Da Nasser ya kira, duk haushin ta sauke a kansa.

"Minti arba'in, Nasser. Na duba agogo. Minti arba'in kana yabon ɗan Texas, ni ko sunana ba ka ambata ba!"

Ya ce gobe zai sayar da na'urar gem ɗin. Ta ce wa ya aike shi? Ita ba gem ɗin ne damuwarta ba, bakinsa ne da ba ya da birki. Sati uku ba ta ɗaga wayarsa ba, tana jin haushinsa, tana jin haushin Baba, tana kuma jin haushin kanta da take kewarsa.

Ana cikin haka aka yi wa Baba aikin gwiwa. Gidansu a unguwar Highbridge hawa na biyar ne, lifta ta lalace, ga shi sau uku a mako sai an kai shi gashin ƙafa. Hamdatu da mahaifiyarta suna tsaye a bakin matakala sun rasa yadda za su yi, sai ga Nasser yana hawowa da rigar aikinsa. A masallaci ya ji labari. Ya durƙusa ya juya wa tsohon baya don ya goya shi. Baba ya yi tsaki, ya ce shi ba kaya ba ne, amma dai ya hau.

Haka aka yi wata biyu. Nasser ya canza lokacin aikinsa, ya sauko da shi, ya hau da shi, ya jira a asibiti. Baba ya yi ta mita, wai yana girgiza shi, wai tuƙinsa na 'yan koyo ne. Nasser ba ya wuce "To, Baba." Maganar gem ko da kuskure ba ta fito ba. Hamdatu tana ganin yadda yake haɗiye ta, har tausayi ya fara cin ƙarfin fushinta.

Zaman gida ya ishi Baba. Wata Asabar bayan La'asar ya ce wa Nasser ya kawo masa gem ɗin nan ya ga abin da ya haukata mutum. Hamdatu ta dawo daga aiki ta tarar da su a falo, ƙafar Baba a kan matashi, yana nuna talabijin da sandarsa.

"Kai, wannan za ka ɗauka? Gudu gare shi kawai. Dubi lambar hankalinsa, hamsin da huɗu. Irin su ne masu shiga gabana a titi."

"Baba, tauraro biyar ne fa."

"Ko goma ne. Ɗauki wancan mai haƙurin."

Ta tsaya da jaka a hannu, ba wanda ya amsa sallamarta. Sai da ta maimaita da ƙarfi Baba ya juyo, ya ce ta kawo musu shayi, sannan ta gaya wa uwarta mutanen Nasser za su zo Juma'a mai zuwa. Ya mayar da ido kan talabijin kamar ba shi ya yi maganar ba.

A kicin ta zauna ta yi kukanta, tana yi tana dariya. Mahaifiyarta ta dafa ta, ta ce ai mutum ba a saninsa a zama ɗaya, kuma wanda ya yi haƙuri da iyayen matar da yake so, Allah ba ya barin wahalarsa ta tafi a banza.

An ɗaura aure bayan Sallar layya. Sharaɗi ɗaya amarya ta kafa, a gaban shaidu: ranar Lahadi na'urar nan a kashe take. Nasser ya amince nan take. Baba ne ya nemi a mayar da ranar Litinin, wai Lahadi yana da yaran da zai ɗauka.