Kujerar da Aka Naɗe da Leda

"Mama, me ya sa mutumin nan yake shinshina katifarmu kamar kare?"

Da ƙarfi Aku ta yi tambayar, don ta saba a unguwar nan babu mai jin Hausa sai ita da uwarta. Shekarunta biyar, bakinta ba ya hutawa, shi ya sa sunan ya bi ta tun daga gida.

Mutumin yana durƙushe a gefen gado cikin farar rigar aiki mai haɗe da wando, hanci da baki a rufe, yana bin ɗinkin katifar da 'yar tocila. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ai kare ya fi ni iyawa, 'yan mata. Ni koyo nake yi."

Kunya ta rufe Maman Aku. Wata uku ke nan da zuwanta ƙasar, ban da Yayanta da matarsa ba ta ji Hausa a bakin kowa ba, sai yau daga bakin mai feshin da masu gidan suka turo.

"Zo ki gani, Hajiya," ya ce.

Ta matso, ta kuma yi da-na-sanin matsowa. Ɗinkin katifar cike yake da ɗige-ɗige baƙaƙe, da ƙwayaye farare ƙanana, ga kuɗin cizo sun ƙoshi sun yi jajir suna jan ciki. Ya murƙushe ɗaya da yatsa, jini ya fito, wani wari mai ƙarni ya tashi. Jinin 'yarta ne. Ta ruga banɗaki.

Da ta fito tana goge baki ta ce, "Malam, wallahi ni ba ƙazama ba ce."

"Na gani. Shekarata shida ina wannan aikin, ban taɓa shiga gidan da aka goge har bayan firij ba. Waccan kujerar a ina kika saya?"

Aku ta riga ta amsawa, "A titi muka tsinta! Sabuwa ce, har da ledarta."

Ya cire abin rufe hancinsa. Matashi ne, dogo, mai ɗan gemu, yana ta kokawa da dariya. "Ledar akwai jan fenti a jikinta?"

"Akwai," ta ce a hankali.

"A garin nan in mutum ya gaji da kaya sai ya ajiye a bakin titi, mai so ya ɗauka. Amma wanda aka naɗe da leda aka shafa wa jan fenti, cewa ake yi kar a taɓa, akwai cuta. Kada ki damu, ni ma shekarata ta farko katifa na kwaso, a kai na ɗauko ta, ina murna."

Ba ta yi dariya ba. Shekara biyu da rasuwar mijinta, Yaya ya nema mata takardu da aikin guga a wani otel. Shi da Umma, mahaifiyarsu, duk sun so ta bar Aku a gida, ita ta kafe sai da 'yarta. Yanzu ga hannun yarinyar duk ƙuraje a jere, jiya malamar makaranta ta ɗaga hannun tana nuna mata, tana magana da yaren da ba ta gama ji ba, da irin kallon da ba ya bukatar fassara. Yaya kuwa cewa ya yi, "Na faɗa miki. In abin nan bai wuce ba, a mayar da ita wurin Umma."

Mai Feshi ya ce sau uku zai zo, mako biyu-biyu. Kafin ya tafi ya sauke kujerar shi kaɗai, ya yayyanka ta da wuƙa a bakin bola.

"Ai an riga an jefar, me ya sa kake yanka ta?" Aku ta tambaya.

"Don kada wata Mama ta ɗauka."

Kwana uku Maman Aku tana hawa da sauka zuwa ɗakin wanki na ƙarƙashin bene. Ta tsani ɗakin nan. Injin da take wanke kayan sallarta shi wata tsohuwa ta hawa na uku take wanke bargon karenta, gashi ya manne a ƙofa kamar gansakuka. Sai ta goge shi sau biyu tana toshe hanci kafin ta zuba kaya. Ta tsani lif, na'urar hawa bene, mai warin giya da fitsari. Ta tsani yadda mutane ke shiga ɗaki da takalmin da suka taka komai a titi. Tana tsaye tana jiran inji wayarta ta yi ƙara, saƙon Mai Feshi ne.

"Salam, Maman Aku. Injin busarwa a mafi zafi, minti arba'in, kada ki rage. 'Yar tsanar Aku kuma kar ki jefar. Ki ƙulle ta a leda ki sa a firiza kwana huɗu. Ki ce mata ta tafi hutu ƙasar ƙanƙara."

Da ma ta riga ta sa 'yar tsanar a buhun shara, Aku ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta hau da gudu ta ciro ta.

A zuwansa na biyu ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba. Ya nuna mata motar da ke zuwa makarantar Aku ba sai ta canza biyu ba, ya rubuta mata jimla uku da za ta faɗa wa malamar. Warin magani yana binsa, tana ja da baya in ya matso, ya lura.

"Sarauniyar tsafta, ki yi haƙuri. Wanka biyu nake yi bayan aiki, amma hancinki ya fi na 'yan sandan filin jirgi."

Ranar ta yi dariyar da ta manta ta iya.

Saƙonni suka soma wuce maganar ƙwari. "Kin ci abinci kuwa, ko guga kika ci?" Ita kuma: "Na ci. Kai ka rufe hancinka da kyau, maganin nan ba turare ba ne." Ranar da ya gama zuwa na uku ya rubuto: "Aikina ya ƙare a gidanki, amma ni ban gama ba. Ina sonki, Sarauniya, ke da Akunki. In kin yarda zan je wurin Yaya."

Yaya ya yi tsalle ya dire. "Mai kashe kyankyaso? Na ɗauko ki daga gida na tsallako da ke teku don ki auri mai bin katifun mutane? Ga abokina Manaja yana ta yi mini maganarki." Umma ma a waya ta ce, "Ki bi maganar Yayanki. Me zan ce wa dangi sana'arsa?"

Ana cikin haka, wata Asabar ta dawo daga aiki ta hango Mai Feshi a hawansu yana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinta na dama, da tocilarsa a hannu. Daga nan ya sauka hawa na uku. Washegari matar da ke hagu ta janye ɗanta da suka haɗu a lif. Maman Aku ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa. Ta rubuta masa: "Ashe yawo kake yi da ni gida-gida. Na gode. Kada ka sake nemana." Ya kira sau biyar, ba ta ɗauka ba.

Ta ce wa Yaya ta yarda ta ga Manaja.

Manaja ya kai ta da Aku wani wurin cin abinci mai gilasai, yana ƙamshi tun daga mota. Farcensa a gyare, takalminsa na ɗaukar ido. Ya yi maganar gidansa mai ɗaki huɗu, da motar da zai saya mata. Aku ta sha askirim har gwiwar hannu, ta kama hannun rigarsa ta ce, "Kawu, kai ma kana da 'yar tsana?"

Ya zare hannunsa da sauri. Idonsa ya sauka kan tabon cizon da ya rage a damtsenta, ya yamutsa fuska. Ya ciro 'yar kwalba daga aljihu, ya tsiyaya maganin wanke hannu, ya murza har tsakanin yatsu, a gaban yarinyar.

"Yayanki ya ba ni labari," ya ce. "Ba matsala, mun riga mun daidaita da shi. Bayan aure yarinyar ta koma wurin kakarta. Ai tarbiyya ta fi kyau a gida. Mu kuma mu fara namu da tsafta."

Aku ta ɓoye hannunta a ƙarƙashin tebur.

Maman Aku ta ga abin ƙyama iri-iri tun zuwanta garin nan, amma ba ta taɓa ganin irin na wannan lokacin ba. Ta miƙe, ta goge wa 'yarta hannu da gefen mayafinta, ta ce, "Allah ya haɗa ka da mai tsaftar. Taso, Aku." A motar haya suka koma, yarinyar ba ta yi tambaya ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

A bakin ƙofarsu suka tarar da tsohuwar hawa na uku, ba kare, riƙe da kwalin biskit. Tana magana a hankali, tana haɗawa da hannu, har Maman Aku ta gane. Ashe kujerar da suka tsinta tata ce, ita ta jefar da ita. Mai Feshi ya bi duk gidajen da ke sama da ƙasa da gefe yana dubawa, wai haka dokar aikinsu take, amma ya ƙi gaya wa kowa inda abin ya ɓulla. Ita tsohuwar ta san daga wurinta ya fara, shi ya sa take bin ƙofa-ƙofa tana ba da haƙuri. Ta ce ita ma matar hagu ta daina gaishe ta, kowa zargin kowa yake yi.

Maman Aku ta karɓi biskit ɗin, ta shiga, ta zauna a ƙasa don har yanzu ba kujera. Sau huɗu tana rubutu tana gogewa.

"Mai Feshina, na yi maka mummunan zato. Ka rufa mini asiri ni kuma na zage ka. Ka yafe mini."

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta zo. "Sarauniya, na yafe tun kafin ki gama rubutawa. Kwana tara ban ci abinci da daɗi ba. Yaya hannun Aku, tabon ya fara bajewa? Akwai man da na saya mata, yana cikin motata tun ranar."

Ta kifa wayar a cinya ta yi kuka mai isarta.

Ba ta tsaya jayayya da Yaya ba. Umma ta kira, ta ba ta labarin kwalbar wanke hannu daga farko har ƙarshe, ta karanta mata saƙon Mai Feshi. Umma ta ce, "Don jikar tawa ta taɓa shi ya wanke hannu? Haɗa ni da Yayanki." Abin da ta faɗa masa Maman Aku ba ta ji ba, ta dai ga Yaya yana "To, Umma. To, Umma," yana share gumi.

Da Mai Feshi ya je gaisuwa, Yaya ya tambaye shi a daƙile, "Yarinyar fa?"

"Wace yarinya? 'Yata? Na riga na kama gida mai ɗaki biyu kusa da makarantarsu. Ɗakinta ne mai babbar taga. Ita ta zaɓa, mu sauran muka samu."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a falon Yaya, mutum goma sha biyu, Umma tana kallo ta waya tana sa albarka tana share hawaye. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya raya mini Aku a gabanku, ya ƙara muku da wasu." Kowa ya ce amin, Yaya ma ya ce, da ƙarfi kuwa. Aku tana zaune a cinyar ango, ta ɓata masa farar rigarsa da lemo, shi kuma yana riƙe mata kofin kada ya ƙarasa zubewa.

"Matata," ya ce a hankali, "kin gaji?"

"Na huta dai," ta ce.

Ke kuma 'yar'uwa mai karanta wannan, in kina da ɗa a hannu wani ya zo neman aurenki, ki zauna da shi da yaron a tebur ɗaya, ki zuba ido a kan fuskarsa lokacin da ɗan ya taɓa shi. In kika ga ya yamutsa fuska, ki ɗauki ɗanki ki tashi. Kada ki jira ya gama magana.